Wanda Na Ɗora a Saman Matakala

Ranar Litinin kun dawo daga kwas ɗin da kamfani ya tura ku, kowa riƙe da takarda mai launi. An yi muku tambayoyi, an auna halinku, an ce wannan ja ne, wannan shuɗi, wancan kore. Kuka tsaya a bayan mota kuna ta dariya, sai ɗayanku ya ce mini, "Uncle Garba, kai ai ja ne, ba sai an gwada ka ba. Kuma sun ce ja shi ke yin shugaba." Wani ya ce shi bai ma ga abin kwas a ciki ba, kwashe kayan ƙaura ai ɗauka ne da ajiyewa, wanda ya fi ƙarfi ya ja gaba. A ƙarshen watan nan zan ajiye makullin mota, ɗayanku ne kuma zai karɓa, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da bakina ya kasa faɗa a tsaye. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun.

Ban raina takardarku ba, mai yiwuwa gaskiya ta faɗa. Amma ni ma na san halin mutanena ɗaya bayan ɗaya, sanin kuwa bai hana ni ɗora mutum inda bai dace ba. Sunansa Sale. Shekara tara ana cewa shi ya karya bayan surukinsa, alhali ni ne. Labarin ke nan, sauran duk shimfiɗa ce.

Aikina na farko a nan Landan wani flat ne a bayan Charing Cross, gidan wani tsoho mai tarin littattafai. Lokacin maigidan da nake tuƙawa ya gama wa'adinsa ya koma Najeriya, ina neman abin yi. Aka haɗa ni da Baba Seidu, mutumin Kumasi, mai mota ɗaya da ma'aikata biyu. Gajere ne, wuyansa kamar turmi, Hausarsa ta zango, mace da namiji duk "ya" yake ce musu. Na zo da sassafe na naɗe hannun riga, ina jira a nuna mini abin da ya fi nauyi. Sai ya buɗe bayan mota ya nuna mini tulin barguna, irin masu kaurin nan da muke lulluɓe kaya da su, ya ce, "Naɗe." Ya koma gefe ya zauna a kan kwali yana kurɓar shayi.

Nan da nan na gama. Na naɗe su yadda na ga dama, ina jefawa ina ba shi labarin irin manyan da na tuƙa. Ya taso ya dubi tulin da ya karkace, ya dube ni, ya ce, "Kai wuta ne. Wuta yana dafa tuwo, yana cin gida. Sai mutum ya zauna kusa da shi."

Duk wanda ya zo neman aiki haka Baba yake yi masa, na gani shekara da shekaru. Wani sai ya ƙirga bargunan kafin ya taɓa. Wani ya tsaya yana tambayar ninki nawa ake yi, yana gudun kuskure. Akwai wanda zai ce wa na kusa kama mini bakin nan, kafin a gama sun zama abokai. Akwai kuma wanda ba zai ce uffan ba, ya haɗa kusurwa da kusurwa, ya ware yagaggu gefe ba wanda ya sa shi. Ban taɓa jin Baba ya ce wannan ya fi wancan ba. Wurin tsayawa kawai yake nemar wa kowa. "Bargo ba ya ƙarya," in ji shi. "Mutum yana gyara fuska in ya ga oga. Ba ya gyara hannu."

Kayan aikinmu kun san su: bargo, igiya mai faɗi da ƙarfen ɗaurinta, 'yar amalanke mai taya huɗu, katakon da ake sulɓo abu a kansa, salatif, tef ɗin awo. Mako guda ya isa mutum ya iya su. Abin da ke cin shekaru shi ne matakala.

Wata sif mai ƙofa uku a wani gida kusa da Aldwych ita ta koya mini. Gidajen garin nan tsofaffi ne, an gina su tun ba a san lif ba, matakalarsu siririya, tana murɗawa kamar ƙahon rago. In ana sauko da abu mai nauyi, mutum biyu ke ƙasa. Nauyin yana kansu, fuskarsu manne da bargo, suna tafiya da baya, ba sa ganin komai. Na sama yana riƙe da igiya. Nauyinsa kaɗan ne, amma shi kaɗai ke ganin kwana, da fitilar da ke rataye, da inda ƙafar na ƙasa za ta sauka. Shi ne idonsu. Ido kuwa a matakala ba shi da amfani sai da baki. Da ya hango abu, dole ya daka tsawa nan take: "Tsaya!" Babu sallama, babu don Allah, babu ranka ya daɗe, ko ubansa ne a ƙasa.

Shi ya sa Baba ya ba Tanko sama. Tanko Bazazzagi ne, dogo, bakinsa ba ya hutawa. Ranar da aka ba shi barguna, sai da ya gaya wa Baba cewa suna wari, a wanke. Yana iya yi wa kowa tsawa, ya manta kafin a kai ƙasa. Ni kuwa Bakano ne, wasa tsakaninmu gado ne. Ina ƙasa ina nishi, sai in ji shi daga sama: "Bakano, a hankali! Ba kasuwa za ka ba, ba mai riga ka ciniki."

Malam Hadi shi ne babbanmu bayan Baba, Bakatsine mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana. Shi ke ƙasa tare da ni, don ba ya firgita. Ko gini ne ya taho kansa, numfashi zai ja ya tokare. Shi kuma Baba ke tura wa masu gida in hankalinsu ya tashi, saboda ya iya tsayawa ya saurara. Wata likita, 'yar Sakkwato, ta tsaya an fitar da komai na gidanta ba ta ce ƙala ba, sai da aka ɗauki wata tsohuwar butar shayi ta fashe da kuka. Ni na ce lokaci na tafiya. Malam Hadi ya karɓi butar, ya naɗe ta da hularsa, ya miƙa mata ya ce, "Hajiya, wannan a hannunki za ta tafi." Mutum ranar ƙaura ba shi ba ne, ku riƙe wannan.

Sale daga baya ya zo. Malam Hadi ne ya kawo shi, domin shi ke auren 'yarsa Hauwa. Shi ne wanda ya ware yagaggun barguna. Baba ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce, "Wannan cikin mota." Shirya kaya a mota aiki ne na mutum da tunaninsa. Sale zai tsaya ya dubi kayan gida guda a zube bakin titi, ya yi shiru kamar mai karatu, sannan ya jera su kamar gini. Ka tuƙa har Manchester ba za ka ji cokali ya motsa ba. Kunya kuwa, ban ga irin tasa ba a ƙasar nan. Bai taɓa cin abinci gaban surukinsa ba. In mun zauna cin na rana, sai ya ɗauki nasa ya zagaya bayan mota. Malam Hadi ma haka yake da shi. In yana son abu sai ya ce mini, "Garba, ka ce wa yaron nan ya miƙo igiya," ga Sale nan tsaye taku biyu daga gare shi. Muna dariya, amma Baba bai taɓa haɗa su a kaya ɗaya ba, ko da kujera ce.

Abin da na fi so a sana'ar nan shi ne 'yan mintunan bayan an fitar da kwali na ƙarshe. Baba kan tura ni in zagaya in duba ko an bar wani abu. Ɗaki ya faɗaɗa, takunka yana amsa maka. A bango ga farin wuri inda hoto ya yi shekaru, a kafet ga ramuka huɗu inda gado ya tsaya. Hasken garin nan mai kama da tsinkakken koko yana shigowa ba labule, ƙura tana yawo a cikinsa a hankali, ba ta sauka. Sai in ga kamar mutanen gidan suna nan, an dai sauke musu nauyi ne suna shawagi. Har yau in na yi mafarki, a irin ɗakunan nan nake samun kaina, ina bi ɗaki-ɗaki, ina neman abin da aka manta.

Da gwiwar Baba ta gaza ya ce zai koma Kumasi. Harkar takardu ya bar wa ofis, don a lokacin mun zama ɗan kamfani, makullin mota ya damƙa mini. Ya riƙe hannuna da makullin a ciki, ya ce, "Na ba ka don kai ba ka tsoron fara abu. Amma mota nan yana da birki, sunansa Tanko. Rana da ka ji haushin birki, ka tuna ni."

Ban tuna ba. Wasan da jiya nake dariya a kansa, yau sai na ji shi raini ne. In na ce a fara da falo, Tanko ya ce a'a, a fara da sama tun ƙafafu na da ƙarfi. Galibi shi ke da gaskiya, wannan ne ma ya fi ci mini rai. Sale kuwa duk abin da na ce, sai ya ce to. Na fara raya wa kaina cewa ga mataimakin da ya dace da ni, sai in riƙa jan shi gaba a hankali. Gaskiyar magana ba mataimaki nake nema ba. Wanda ba zai ce mini a'a ba nake nema.

Aikin da ya jawo abin na sauko da fiyano ne, a hawa na uku, a wani layi mai shiru a Marylebone. Mai shi wata tsohuwar Baturiya ce, malamar kiɗa, za ta koma wurin ɗanta a ƙauye. Da hantsi muka kai gare shi, an yi ruwa an ɗauke. Kafin mu lulluɓe shi ta ce mu ba ta minti ɗaya. Ta zauna ta kaɗa wani abu a hankali a cikin falon da babu komai. Muka tsaya mu huɗu da barguna a hannu. Sautin yana zagaya bango yana dawowa, kamar ba daga yatsunta yake fita ba, kamar gidan ne ke sallama da ita. Na tuna Malam Hadi ya lumshe ido.

Da ta gama muka naɗe shi, na ce igiya ɗaya ta isa. Tanko ya kwashe da dariya.

"Bakano, rowar har ta kai kan igiya?"

Bai tsaya nan ba, ya juya ya fassara wa tsohuwar da Turanci, ita ma ta yi murmushi. Raina ya ɓaci. Na ce, "Sauka ka tsare mota, masu ba da tikitin tara suna yawo."

"Wa zai riƙe sama?"

"Sale."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Tanko. Ya ce, "Garba, yanzu ba wasa nake ba."

Na ce, "Ni ma."

Ya sauka. Sale ya matso kusa da ni, kansa a sunkuye, murya can ciki, ya ce, "Oga, Baba ne a ƙasa."

Na fahimce shi sarai, surukinsa yake nufi. Ba zan tsaya gaban Allah in ce ban gane ba. Gaya mini yake yi bakinsa ba zai iya yi wa uban matarsa tsawa ba. Shekara nawa ina kai saƙon igiya tsakaninsu? Amma na ce masa, "Nan Landan ne. Ka bar kunyarka a mota, in an tashi ka ɗauka." Ya ce to.

Hawa ɗaya muka sauko lafiya. Ni da Malam Hadi a ƙasa, shi ta bango, ni ta gefen da ke buɗe. Sale yana ƙirga mana taku, da ƙyar nake jin sa ta cikin bargo. A kwana ta biyu kafet ɗin matakala ya saki, ya tattare daidai inda ƙafar Malam Hadi za ta sauka. Sale ya gani. Na ji muryarsa: "Baba, don Allah, da dai za a ɗan…" Bai ƙarasa ba. Ƙafa ta sauka ta zame, fiyano ya taho, igiyar nan guda ɗaya ta zare ta cikin tafin Sale.

Ga abin da na ɓoye. Da na ji nauyin ya taho, sai na zare hannuna na kauce cikin kwanar. Da na tokare, da mu biyu muka raba shi. Malam Hadi ya karɓe shi shi kaɗai, bayansa a jikin bango. Fiyanon ya yi wata irin ƙara daga cikinsa, duk wayoyinsa lokaci guda, ta daɗe tana yawo a matakalar. Malam Hadi bai yi ihu ba, salati kawai na ji.

Kafin motar asibiti ta iso na riga na fara yi wa Sale faɗa. "Ina bakinka? Me ya hana ka magana?" Da ƙarfi, a gaban kowa. Na faɗa a ofis, na faɗa a ƙofar masallaci ranar Juma'a: na sama bai kira ba. Ba ƙarya ba ce, rabin gaskiya ce, na kuma ɗaga murya a kan rabin nan don kada wani ya tambayi wa ya ɗora shi a sama, ko ina hannuna yake. Tanko ya gaya wa wasu cewa ni na canza tsari, amma an san shi da surutu, an san muna takun saƙa, ba wanda ya ɗauka. Daga ranar bai sake ce mini Bakano ba. Oga yake cewa, kamar baƙo.

Malam Hadi ya yi watanni a kwance. Ya tashi da sanda, bai sake ɗaukar ko kwali ba. Sale ya ajiye aiki ya koma wani shagon tangaran yana naɗe kofuna a takarda. Ya daina zuwa masallacinmu, don a bayansa ana ce masa wanda ya saki igiya. Ya daina shiga gidan surukinsa. Yakan kawo Hauwa da yara ƙofar bene, ya zauna a mota har su sauko. Tanko bai rufa shekara ba ya koma tuƙa bas.

Shekarar da ta biyo baya ita nake kira shekarar fashe-fashe. Na ɗauki sababbin mutane, na zaɓi masu sauri da zafin nama, irina. Wuta huɗu a mota ɗaya. Madubin wata amarya ya fashe tun ba mu bar layinsu ba. Mun karce ƙofa, mun ɓalle ƙafar tebur. Wata doguwar kujera ta maƙale mana a matakala rabin yini, kowa yana ba da umarni, ba mai kallo. Mutane suka riƙa yin booking suna fasawa, don labari ba ya kwana a tsakanin mutanenmu. Wata safiya na buɗe bayan mota na ga barguna a cukurkuɗe kamar tsumma, sai na ji muryar Baba. Daga nan na koma ba kowa barguna, na zauna a kan kwali ina kallon hannu. Na samo mai shiru na sa shi cikin mota, na samo mai bakin da ke ba ni haushi na ɗora shi sama. Aiki ya gyaru. Sunan Sale bai gyaru ba, ni kuma ban taɓa maganar ba.

Aikin watan jiya ne ya tono ta. Ban kira ko ɗayanku ba, na ce muku aikin tsofaffi ne. Council, wato hukumar unguwa, ta ba Malam Hadi flat a ƙasa, bayan dogon jira, don benen da yake ciki hawa uku ne babu lif. Ya bugo mini waya ya ce, "Garba, kai za ka kwashe ni." Na je da tef ɗin awo. Na auna gado, na auna sif, na auna abin da ba ya bukatar awo. Da na rasa abin aunawa na durƙusa gabansa na gaya masa duka, har da hannuna.

Ya dubi sandarsa. Ya ce, "Na sani. Na ƙasa ba ya gani, amma yana jin nauyi. Na ji lokacin da hannunka ya fita."

Na ce, "Malam, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Tuban naka ne, ba ni zan yi maka ba." Ya gyara zama da ƙyar. "Yaron nan kuwa ban taɓa riƙe shi da komai ba. Na ji ya ce Baba, na ji ya ce don Allah. Tarbiyyarsa ce ta kama masa baki. Na gaya wa Hauwa, ta gaya masa, ya ce kara kawai nake yi masa. To yaya zan zaunar da mijin 'yata in yi masa irin wannan magana? Ai kai nake aika, Garba. Kai kuma ka daina zuwa."

Mutum biyu masu shiru, kowa na jiran ɗan'uwansa, bakin da ke tsakaninsu kuma ya tafi ya ɓuya. Aikin shugaba ke nan da ba a rubuta a makulli ba, shi na gudu na bari.

Ranar Asabar da safe na kira Tanko, ya zo da rigar aikin bas a jikinsa. Na kira Sale, ya ce to. Ya zo amma bai hau ba. Ya tsaya a mota, muna sauko da kaya yana jerawa, hannun nan yana nan yadda na san shi. Wasu dattawan masallaci sun zo taya murna, maƙwabta ma sun fito. Kafin azahar gidan ya zama fili. Ba abin da ya rage sai Malam Hadi a kan kujera ɗaya a tsakiyar falo, haske yana zuba a kafaɗarsa, ga farin wuri a bango inda agogonsa ya yi shekaru.

Na leƙa taga na kira Sale. Ya hau, ya tsaya bakin ƙofa, ya durƙusa daga can. Ni kuma na tsaya a kan matakala inda na ciki da na waje za su ji, na ɗaga murya kamar yadda na ɗaga ta wancan karon. Na ce ni na kori Tanko daga sama don ya yi mini dariya. Ni na hana igiya ta biyu. Sale ya gaya mini ba zai iya ba, na gane, na tursasa shi. Da nauyi ya taho ni na zare hannu. Na ce duk wanda ya taɓa ce masa wanda ya saki igiya, daga bakina ya ɗauka, yau na zo karɓar abina.

Wani dattijo ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Sale bai ɗago ba.

Tanko ne ya fara motsi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bakano, ashe bakin naka ma yana ɗaukar kaya mai nauyi. Shekara tara kana ɗaure shi?"

Malam Hadi ya miƙo mini sandarsa. Ya ce, "Garba, riƙe wannan, ba ta san matakala ba. Ka ce wa yaron nan ya shiga gaba in dafa shi."

Ban ma buɗe baki ba Sale ya miƙe. Ya sauka taku ɗaya, ya juyo yana fuskantar surukinsa kamar yadda na ƙasa ke yi, Malam Hadi ya ɗora hannu biyu a kafaɗunsa. Tanko ya tsaya a sama ba wanda ya sa shi.

"Tsaya! Malam, ƙafar dama tukuna. Sale, taku ɗaya. To! Kwana na zuwa, a hankali, ba tsere ake ba!"

Ni na biyo baya da kujera da sanda. Hawa uku, ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, kamar matakalar ce ke sauka da mu. A kwana ta biyu Malam Hadi ya tsaya ya huta. Bai neme ni ba, bai ce Garba ka ce ba. Ya dubi kan da ke sunkuye a gabansa ya ce, "Sannu, ɗana."

Sale ya amsa. Ban ji abin da ya ce ba, ba kuma don ni ya faɗa ba.

To, ku adana takardunku masu launi, kada ku yar. Ranar Litinin ku zo da wuri, na warware bargunan duka suna bayan mota. Gaya muku da na yi ba zai ɓata komai ba, hannu ba ya gyaruwa don oga. Zan zauna a kan kwali in duba wanda, yana naɗe nasa, idonsa na kan hannun na kusa da shi. Wanda kuma makullin ya faɗa hannunsa, wata rana wani zai matso kusa da shi, kai a sunkuye, ya ce masa a hankali, "Baba ne a ƙasa." A ranar, komai saurin da ake yi, ya ajiye kayan.